Hukuncin Alƙali Ba Ya Halatta Haram

Dukan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya aiko manzanni da littattafai domin mutane su tsayu da adalci a bayan ƙasa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar kotun alƙali da hantsin ranar Litinin ya san irin taron da akan yi a wurin. Ga mata zaune a gindin darbejiya, wata da goyo, wata da takardar saki ƙulle a gefen mayafi. Ga dattijo da tsohuwar takardar gona a aljihun riga, ya taho da maƙwabta biyu su shaide shi. Ga 'yan kasuwa ana ta ƙidayar bashi da yatsu. Can gefe kuma ga ɗan sanda ya tasa ƙeyar wani saurayi da ake tuhuma da sata. Duk waɗannan gaban mutum ɗaya za su gurfana, kuma kafin azahar mai yiwuwa ya raba aure, ya raba gado, ya tura wani gidan yari.

Babban aiki ne ƙwarai, amma kuwa mai yinsa ɗan Adam ne, bai san gaibu ba. Imamu Malik da Buhari da Muslim sun ruwaito daga Uwar Muminai Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo masa ƙara. Ya nuna musu cewa shi mutum ne, yana hukunci da abin da ya ji, kuma ta yiwu wani ya fi abokin shari'arsa iya tsara magana. Saboda haka wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, domin yankin wuta aka yanka masa. To, idan wannan shi ne halin kotun da Annabi da kansa yake zama a cikinta, ina ga kotun gari ko ta ƙauye? Takardar hukunci tana kashe rigima a duniya. Ba ta wanke mai ƙarya a gaban Allah.

ASALIN KOTUN ALƘALI A ƘASAR NAN

Alƙalanci ya daɗe a ƙasar Hausa da Barno tun kafin jihadi. Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi da wa'azi, cin hanci a wajen shari'a yana cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da su. Ƙanensa Malam Abdullahi ya wallafa Liya'ul Hukkam a Kano domin ya nuna wa masu mulki da alƙalai iyakokin aikinsu. Da Turawa suka ci ƙasa suka iske kotunan alƙalai suna aiki, sai suka bar su a ƙarƙashin En'e, amma suka hana zartar da hukunce-hukuncen da ba su yarda da su ba, kamar yanke hannu da jefewa. A shekarar 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, aka kawo malamai daga Sudan, ita ce daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci.

Gab da samun 'yancin kai, gwamnatin Sardauna ta gayyaci masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Bisa shawararsu aka kawo dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya shugabanta a matsayin Alƙalin Alƙalai daga 1962. A 1968 gwamnatin soja ta raba kotuna da En'e, ta rushe kotunan sarakuna, aka sa musu suna Kotunan Yanki, suka koma ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha. Sa'an nan a watan Oktoba na 1999 Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, har jihohi 12 suka bi wannan hanya. A da yawa daga cikinsu Kotunan Yanki sun koma Kotunan Shari'a, alhali a wurare kamar Kwara da Adamawa da Abuja tsohon sunan yana nan.

Suna ya sauya sau da yawa, amma littattafan da ke kan teburin alƙali ba su sauya ba, watau littattafan mazhabar Malikiyya irin su Risala, da Muhtasar na Halil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Hurumin waɗannan kotuna a kan Musulmi yake. Wanda ba Musulmi ba ba a tilasta masa zuwa, sai da yardarsa.

YADDA ƘARA KE TAFIYA

Mai ƙara yakan fara ne da zuwa wurin magatakardan kotu, ya faɗi kokensa, ya biya kuɗin shigar da ƙara, ya karɓi rasiɗi. Daga nan masinja ya kai wa wanda ake ƙara sammaci. Amsa sammaci wajibi ne, domin Suratun Nur ta zargi waɗanda ake kira zuwa ga hukuncin Allah da ManzonSa su bijire, sai fa in sun ga gaskiya tana wajensu, sa'an nan su taho da gudu.

Idan sun hallara, alƙali ya zaunar da su daidai, ba ya fifita ɗaya da kallo ko da fara'a ko da wurin zama. Wannan yana cikin abin da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari a wasiƙarsa mashahuriya game da alƙalanci, domin kada mai ƙarfi ya sa rai da son kai, kada kuma mai rauni ya fid da tsammanin adalci. Haka nan da Annabi ya aiki Sayyidina Ali zuwa Yaman ya hore shi da kada ya yanke hukunci sai ya ji daga na biyu kamar yadda ya ji daga na farko.

Aikin alƙali na farko shi ne ya gane wane ne mai da'awa, wane ne ake da'awa a kansa. Mai karatu zai zaci abu ne mai sauƙi, alhali kuwa malaman Malikiyya sun ce nan ne ginshiƙin shari'a duka. Ba lalle ne wanda ya riga zuwa kotu ya zama mai da'awa ba. Mai da'awa shi ne wanda maganarsa ta saɓa wa asali ko al'ada. Misali, asali shi ne ba a bin kowa bashi, saboda haka wanda ya ce yana bin wani shi zai kawo hujja. Amma in wanda ake bin ya ce lalle ya ci bashin, sai dai ya riga ya biya, to, nauyi ya juyo kansa, shi zai kawo shaidar biya.

Idan wanda ake ƙara ya amsa da bakinsa, magana ta ƙare. Idan ya musa, sai a nemi mai da'awa ya kawo shaidu, bisa ƙa'idar da hadisin Ibn Abbas ya kafa, cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan mai musu. Yawan shaidu yana bin girman al'amari. A kan zina maza huɗu. A kan aure da saki da kisa maza biyu. A kan dukiya maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwar mai da'awa. A kan abin da maza ba su gani, kamar haihuwa, mata biyu sun isa. Ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko miji ga matarsa, ko maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko wanda zai ci wata moriya daga hukuncin. Wanda aka yi shaida a kansa yana da damar sukan shaidun in yana da abin suka. Alƙali kuwa, a wurin Malikiyya, ba ya hukunci da abin da ya sani shi kaɗai, sai da abin da ya tabbata a zauren kotu.

In babu shaidu sai a ba mai musu rantsuwa. Idan ya rantse ya kuɓuta. Idan ya noƙe, a sha'anin dukiya, sai a mayar wa mai da'awa, ya rantse ya karɓa. Kafin a yanke hukunci kuma akwai mataki ɗaya da ba a tsallakewa, shi ne i'izari, watau alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran wata hujja. Kotunan sama sun sha rushe hukunci saboda an manta da wannan tambaya guda.

Duk wannan tsari an shimfiɗa shi ne domin a kusanci gaskiya gwargwadon ikon ɗan Adam. Amma mai hankali zai lura cewa a kan abu biyu ya tsaya: harshen shaida da rantsuwar mai rantsuwa. In waɗannan suka ɓaci, alƙali ko ya kai waliyyi sai an ɓatar da shi.

AURE DA IYALI

Mafi yawan ƙararrakin da ke zuwa kotun alƙali na cikin gida ne: rashin ci da sha, duka, ƙaurace wa shimfiɗa, neman saki, riƙon 'ya'ya. A nan alƙali nagari ba ya gaggawa. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, saboda haka yakan fara da neman sulhu, ya kira waliyyai, ya ɗaga zama domin zukata su huce. Idan abin ya ci tura, Suratun Nisa'i, aya ta 35, ta yi umurni da a tashi mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. A mazhabar Malik waɗannan biyun suna da ikon haɗawa, suna kuma da ikon rabawa in sun ga zaman ba zai yiwu ba.

Mata da yawa ba su san irin haƙƙin da wannan mazhaba ta ba su ba. Idan miji ya kasa ciyarwa, alƙali yakan ɗibar masa lokaci, in ya gaza a raba auren. Idan cutarwa ta tabbata, ta duka ko ta zagi, alƙali yana iya sakinta ko mijin bai so ba, ba kuma za ta biya kome ba. Tun da yake abin da ke faruwa cikin ɗaki ba kowa ke gani ba, malamai sun yarda a tabbatar da cutarwa ta hanyar labarin da ya bazu a tsakanin maƙwabta. Wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba ana ba shi wata 4. Matar wanda ya ɓace ba labari, bayan bincike, tana jiran shekara 4 sa'an nan ta yi takaba.

Idan kuwa mace ce ta ƙi zaman ba tare da laifin miji ba, sai a yi hul'i, ta fanshi kanta. Asalinsa matar Sabit ɗan Ƙais ce, wadda ta shaida wa Annabi ba ta zargin mijinta a addini ko hali, sai dai ba ta iya zama da shi, Annabi ya sa ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, ya sake ta. To, amma a yau wasu mazaje sun mai da hul'i kasuwa. Mutum ya gaji da mace, maimakon ya sake ta da alheri, sai ya ƙuntata mata har ta kai ƙara da kanta, sa'an nan ya tsuga kuɗi, har da lissafin goron gaisuwar surukai. Irin wannan ya sani cewa Suratun Nisa'i, aya ta 19, ta hana ƙuntata wa mata domin a ƙwace wani abu daga abin da aka ba su. Malaman Malikiyya sun ce in ta tabbatar daga baya cewa cutarwa ce ta sa ta biya, a mayar mata da kuɗinta, sakin kuma yana nan. In ma ba ta iya tabbatarwa ba, kuɗin haram ne a cikinsa, ko da rasiɗin kotu a hannunsa.

Haka nan matar da ta sayi shaidun ƙarya suka ce mijinta ya sake ta sau uku, alƙali ya raba su bisa zahiri. A wurin Malik da Shafi'i da Ahmad aurenta na farko yana nan a wajen Allah, kuma duk wanda ya aure ta yana sane da makircin, zaman haram suke yi.

Game da riƙon 'ya'ya bayan rabuwa, uwa ce ta fi cancanta, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wani bare, riƙo ya koma ga kakarsu ta wajen uwa, sa'an nan sauran waɗanda shari'a ta jera. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna wuyan uba duk inda yaran suke. Al'adar fizge yaro daga hannun uwa da zarar an yaye shi ba ta da tushe a littafi.

RABON GADO

Idan magada suka zo kotu, alƙali yakan fara tabbatar da mutuwar, da sunayen magada, da iyakar dukiyar. Daga nan a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya muddin ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, ba kuma ga magaji aka yi ta ba. Abin da ya rage shi ake rabawa. Wanda ya zo yana bin mamaci bashi, ko ya kawo shaidu sai ya ƙara da rantsuwa cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba, domin wanda zai ƙaryata shi yana kabari.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, abin da ya rage bayan bashi naira 1,200,000 ne. Matar tana da ɗaya cikin takwas, watau 150,000. Mahaifiya tana da ɗaya cikin shida, watau 200,000. Saura 850,000 na 'ya'ya ne, kowane namiji 340,000, mace 170,000. Lissafin ba shi da wuya, Allah da Kansa Ya yanka shi a Suratun Nisa'i. Wuyar tana ga abin da ba a kawo gaban alƙali ba: babban wa ya ɓoye takardar fili, ko ya ce shanun da ke ruga kyauta mahaifinsu ya yi masa, ko a hana 'ya'ya mata gona da sunan wai za ta koma gidan wani. Alƙali ya raba abin da aka nuna masa. Wanda ya ɓoye sauran ya tuna cewa surar da ta kawo rabon ita ce ta siffanta masu cin dukiyar marayu da masu cika cikinsu da wuta.

BASHI DA FILAYE

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Da jama'a sun yi aiki da ita, da ƙararraki masu yawa ba su isa kotu ba. Amma sai a ba da dukiya mai yawa a kan amana da kunya, ba takarda ba shaida, in rigima ta tashi a bar alƙali da rantsuwa kawai.

Idan bashi ya tabbata, alƙali yana duba halin wanda ake bi. In matalauci ne na gaskiya, Alƙur'ani ya ce a saurara masa har ya samu. In mawadaci ne mai taurin bashi, Annabi ya kira jinkirinsa zalunci, kuma alƙali yana iya tsare shi ko ya sayar da kadararsa a biya. Sulhu ma yana da wuri a nan. Sa'ad da muryar Ka'abu ɗan Malik ta ɗaga a masallaci yana bin Ibn Abi Hadrad bashi, Annabi ya yi masa nuni ya yafe rabi, ya kuma umurci ɗayan ya tashi ya biya sauran.

A rigimar gona da gida akwai ƙa'idar hauzi. Idan bare ya riƙe wuri shekara 10 yana nomawa ko yana gini, mai wurin yana gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana, bai kuma yi ba, to, ba a sauraron ƙararsa bayan haka. Tsakanin dangi lokacin ya fi haka tsawo, saboda kawaicin da ke tsakaninsu. Hauzi ba ya aiki a kan aro ko haya ko jingina in an tabbatar da su. Abin lura a nan shi ne hauzi ƙa'idar hujja ce, an kafa ta domin rigima ta sami iyaka. Wanda ya san a ransa aro aka ba mahaifinsa, sa'an nan ya fake da hauzi domin shaidun aron sun mutu, ya ci nasara a kotu, amma hadisi ingantacce ya yi alkawarin cewa wanda ya zalunci wani ko da taƙi ɗaya na ƙasa, za a rataya masa shi har ƙasa bakwai.

LAIFUKA

Ƙarar laifi takan zo ne ta hannun 'yan sanda, wani lokaci kuma wanda aka cuta ya kai koke kai tsaye. Ana karanta wa wanda ake tuhuma laifinsa cikin harshen da yake ji, a tambaye shi ko ya amsa. Yana da damar ɗaukar lauya, da neman beli a laifin da doka ta yarda, da yi wa shaidu tambaya. Manyan laifuka kuwa Babbar Kotun Shari'a ce ke jin su, ba ƙarama ba.

Shari'a ta kasa horo kashi uku. Akwai haddi, wanda Allah Ya ƙayyade, kamar na sata da zina da ƙazafi da shan giya da fashi. Akwai ƙisasi a kan kisa da rauni, inda dangin mamaci ke da ikon yafewa ko karɓar diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Sa'an nan akwai ta'aziri, watau horon da aka bar wa hukuma ta auna, kamar tara ko bulala ko ɗauri, kuma mafi yawan abin da kotu ke yankewa kullum a nan yake.

Mutane da yawa suna zaton cikar alƙali ita ce saurin yanke haddi. Sunna ta nuna akasin haka. Ma'izu ya zo da ƙafarsa yana iƙirarin zina, Annabi ya yi ta kau da kai daga gare shi, ya tambaya ko yana da taɓin hankali, ko ya sha wani abu. Sayyidina Umar bai yanke hannun ɓarawo ba a shekarar yunwa. Ba a yanke hannu sai abin da aka sata ya kai rubu'in dinari, an kuma ɗauke shi daga ma'ajiyarsa, babu wata shubuha. Wanda ya amsa laifin haddi yana iya janyewa, iƙirarin da aka samu ta hanyar duka kuwa ba abin dogara ba ne. Ƙa'idar malamai ita ce shubuha tana tunkuɗe haddi, kuma kuskure wajen yafewa ya fi kuskure wajen horo sauƙi.

An ga amfanin wannan a 2003, sa'ad da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta rushe hukuncin jefewa da wata ƙaramar kotu ta yanke wa wata bazawara. Daga cikin dalilanta akwai cewa alƙali ɗaya ya zauna alhali doka ta ce uku, kuma an hana ta janye iƙirarinta, sa'an nan cikin da aka kafa hujja da shi bai wuce tsawon lokacin da Malikiyya ke jingina ciki ga tsohon miji ba. Daga littattafan Malikiyya aka samo hujjar da ta kuɓutar da ita.

Ta ɗaya gefen kuma, idan laifi ya tabbata babu alfarma. Da Usama ɗan Zaid ya nemi a sassauta wa wata mata 'yar babban gida daga Banu Mahzum da ta yi sata, Annabi ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummun farko shi ne ƙyale mai daraja da hukunta mai rauni. Zartar da horo kuwa aikin hukuma ne ita kaɗai. Taron da ke rufar wanda aka yi wa ihun ɓarawo da duka ko ƙonawa, ba tuhuma, ba shaida, ba i'izari, kisan kai suka yi, kuma kowanensu zai amsa tambaya a kan wannan rai.

Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da damar ɗaukaka ƙara cikin lokacin da doka ta ɗiba, daga ƙaramar kotu zuwa babba, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda tsarin mulkin 1999 ya ba hurumi a kan aure da riƙon yara da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Daga nan akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sai Kotun Ƙoli. Wannan ba raina alƙali ba ne, domin wasiƙar Umar ɗin nan ta nuna cewa komawa ga gaskiya ya fi dogewa a kan kuskure.

NASIHA

Alƙali ya tuna hadisin Buraida, wanda ya kasa alƙalai uku, ɗaya kaɗai ke Aljanna, shi ne wanda ya san gaskiya ya yi hukunci da ita. Wanda ya sani ya karkace, da wanda ya yi hukunci da jahilci, duka suna wuta. Kada ya zauna shari'a yana cikin fushi, kada ya karɓi kyauta daga mai ƙara ko da sunan gaisuwa, kada ya yi ta ɗaga zama har talaka ya gaji ya bar haƙƙinsa. Tsoron wannan nauyi ne ya sa Imamu Abu Hanifa ya zaɓi kurkuku a kan kujerar alƙalanci. Magatakarda da masinja su ma su ji tsoron Allah, domin la'anar da Annabi ya yi a kan rashawa ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa. Hukuma kuma ta wadata alƙalai da albashi da littattafai da horo, kada ta tsoma musu baki.

Shaida ya tuna cewa Annabi yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru saboda tausayinsa. Masu zaman bakin kotu suna jiran a ɗauke su haya su shaidi abin da ba su gani ba, lahirarsu suke sayarwa da kuɗin cefane. Haka kuma wanda ya ga gaskiya ya ɓoye don tsoro ko kunya, Suratul Baƙara ta ce zuciyarsa mai zunubi ce. Sau da yawa marainiya ta rasa gonarta ne domin dattawan unguwa da suka san iyaka sun ce ba su son shiga rigima.

Mai ƙara da wanda ake ƙara kuwa, kowanensu ya san gaskiyar lamarin fiye da alƙali. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Amma wanda ya shiga kotu da ƙarya ya san abin da ya ƙulla tun daga gida. In yana riƙe da hukuncin da ya san ba haƙƙinsa ba ne, ƙofar tuba tana buɗe: ya mayar da gonar, ya biya bashin, ya fito da abin da ya ɓoye na gado, ya nemi gafarar wanda ya zalunta tun ana ciniki da naira, kafin ranar da za a biya da kyawawan ayyuka.

Allah Ya shiryi alƙalan Musulmi, Ya ba su ikon tsayawa a kan gaskiya, Ya tsare bayinSa daga shaidar zur da rantsuwar ƙarya da cin haƙƙin marayu, Ya sa a gama da duniya lafiya. Amin.